Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa Da Zaɓen Maganin Sankarar Mama

A watan Janairun 2022 kamfanin IBM na Amurka ya ba da sanarwar sayar da manyan kadarorin sashensa na kiwon lafiya, watau sashen da aka sani da sunan Watson Health, bayan ya shafe kusan shekara goma yana tallar cewa na'urarsa mai ƙwaƙwalwa za ta riƙa nuna wa likitoci maganin da ya dace da kowane mai ciwon daji. Shekara biyu bayan haka, a 2024, masu bincike na Jami'ar Kambirij ta ƙasar Ingila suka fitar da sabon fasalin wata 'yar manhaja mai suna Predict, wadda ba ta da wani aiki illa lissafa amfanin magunguna ga matan da aka yi wa tiyatar sankarar mama, wadda kuma ba a biyan ko sisin kwabo kafin a yi aiki da ita. Ta farkon an kashe mata maƙudan kuɗi amma ta ƙare a hannun dillalai, ta biyun kuwa likitoci suna ci gaba da buɗe ta a gaban majiyyata. Dalilin wannan bambanci abu ne da ya kamata jami'an ma'aikatun lafiya da ɗaliban koyon aikin likita su fahimta sosai, tun kafin masu tallar irin waɗannan na'urori su fara sallama a ofisoshin gwamnati.

Maganar ba ƙarama ba ce. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2022 an gano sankarar mama a jikin mata kimanin miliyan 2.3 a duniya, kimanin 670,000 kuma suka rasu ta dalilinta. A Nijeriya, ƙiyasin cibiyar binciken ciwon daji ta wannan hukuma na shekarar 2020 ya nuna sababbin masu cutar fiye da 28,000, da mace-mace fiye da 14,000, watau ita ce a kan gaba cikin dukkan nau'o'in ciwon daji a ƙasar nan. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan mata, idan ta isa asibiti, akwai jerin zaɓi a gabanta da gaban likitanta, kuma kowane zaɓi yana da ribarsa da hasararsa, ga jiki da kuma ga aljihu.

TAMBAYAR DA AKE NEMAN AMSARTA

Zaɓi na farko ya shafi tiyata, ko a cire maman gaba ɗaya, ko kuwa a yanke ƙullutun kaɗai sa'an nan a bi wurin da gashi na na'ura. Gwaje-gwajen da Umberto Veronesi ya jagoranta a birnin Milan na Italiya, da waɗanda Bernard Fisher ya jagoranta a Amurka, waɗanda aka buga sakamakonsu a 1981 da 1985, sun tabbatar da cewa idan ƙullutun ƙarami ne, yawan matan da kan rayu ta hanyoyin nan biyu daidai yake. Saboda haka a wannan gaɓa ra'ayin mai ciwon yana da nauyi ƙwarai, muddin akwai na'urar gashin kuma tana aiki.

Zaɓi na biyu shi ya fi wuya, kuma shi ne ya haifar da akasarin manhajojin da ake magana a kansu. Bayan an gama tiyata lafiya, mai yiwuwa ne wasu ƙwayoyin cutar sun riga sun sulale zuwa wasu sassan jiki, inda babu hoton da zai nuna su. Don a kashe waɗannan ne ake ba da magunguna bayan tiyata. Akwai masu ƙarfi da ake ɗurawa ta jijiya, waɗanda ma'aikatan asibiti ke kira kemo, masu jawo amai da zubewar gashin kai da raunin garkuwar jiki, wani lokaci har da illa ga zuciya ko ga haihuwa. Akwai ƙwayar tamoxifen da danginta, waɗanda ake sha shekara biyar ko fiye, amma ba su da amfani sai ga macen da sankararta ke girma da sinadarin mata da ake kira estirojin. Akwai kuma trastuzumab, wanda aka amince da shi a Amurka a 1998, wanda shi ma ba ya aiki sai ga masu wata alama da ake kira HER2, kimanin kashi 15 zuwa 20 daga cikin ɗari na masu cutar.

Wata ƙungiyar masana da ke da cibiya a Jami'ar Oksfod, wadda tun tsakiyar shekarun 1980 take harhaɗa sakamakon gwaje-gwajen da aka yi a duniya, ta nuna cewa shan tamoxifen shekara biyar yana rage mutuwa daga sankarar mama da kimanin kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ya dace da su, haka nan kuma kemo na zamani yana rage ta da kusan wannan gwargwado. To amma kashi ɗaya cikin uku na nawa? A nan ne gizo yake saƙa. A ɗauki misalin mata ɗari waɗanda cutarsu ta yi tsanani, har ana zaton 30 daga cikinsu za su rasu cikin shekara goma idan an tsaya ga tiyata. Idan aka ba su kemo duka, za a ceci kimanin 10. A ɗauki kuma wasu mata ɗari masu ƙaramin ƙullutu, waɗanda 6 kaɗai ake yi wa wannan tsoro. Idan su ma aka ba su kemo duka, 2 za a ceta, sauran 98 kuwa sun sha wahalar magani da asarar kuɗi ba tare da ya sauya musu kome ba. Magani ɗaya ne, ƙarfinsa ɗaya, amma amfaninsa ya danganta da girman haɗarin da mace take ciki tun farko. Wannan lissafi yana da wuya likita ya yi shi a ka ga kowace majiyyaciya, ga na'ura kuwa aikin ƙiftawar ido ne.

DAGA TAKARDA ZUWA KWAMFUTA

Tun kafin kwamfuta ta yawaita a asibitoci likitoci suka fara neman hanyar auna wannan haɗari. A 1982 likitocin birnin Nottingham na Ingila suka fitar da wani ma'auni wanda har yau ake amfani da shi, kuma ana iya yin sa da fensir a bayan katin majiyyaci. Ana ninka faɗin ƙullutun a santimita da 0.2, a haɗa da maki 1 zuwa 3 gwargwadon yawan kaluluwar hammata da cutar ta kama, a kuma haɗa da ajin ƙwayoyin cutar, daga na 1 zuwa na 3, gwargwadon yadda suka bauɗe daga kamannin lafiyayyun ƙwayoyi a ƙarƙashin madubin likita. Ƙullutu mai santimita 2, wanda bai taɓa kaluluwa ba, mai aji na 2, jimlarsa 3.4 ke nan, ya faɗa rukunin waɗanda ake yi wa kyakkyawan zato. A daidai wannan zamani ne kuma masana na Jami'ar Stanford ta Amurka suka ƙera wata manhaja mai suna ONCOCIN don taimaka wa likitoci bin ƙa'idojin ba da kemo, ko da yake ba ta yi nisa daga ɗakunan bincike ba.

Babban sauyi ya zo a 2001, lokacin da Dokta Peter Ravdin na San Antonio a jihar Taksas da abokan aikinsa suka buga bayanin manhajar Adjuvant, wadda daga baya aka sanya a intanet. Likita zai shigar da shekarun majiyyaciya da siffofin ƙullutunta, manhajar ta fito masa da ƙiyasin yawan waɗanda za su rayu shekara goma, da kuma abin da kowane magani zai ƙara. An gina ta ne a kan rajistar masu ciwon daji ta Amurka, ta kuma bazu a duniya kafin daga baya a daina samun ta.

Ita kuwa Predict an ƙaddamar da ita a 2010, bisa aikin Farfesa Paul Pharoah da likitan fiɗa Gordon Wishart da abokansu. An gina ta a kan bayanan mata 5,694 da aka yi wa magani a gabashin Ingila tsakanin 1999 da 2003, aka kuma jarraba ta a kan wasu mata fiye da 5,000 na wani yankin ƙasar don a ga ko ƙiyasinta ya yi daidai da abin da ya faru da su. Tana tambayar shekaru, da faɗin ƙullutu a milimita, da ajinsa, da yawan kaluluwar da aka kama, da sakamakon awon estirojin da na HER2, da kuma yadda aka gano cutar, ko ta hoton binciken lafiya ko kuwa sai da alamu suka bayyana. Amsarta takan zo da lambobi da zane, har da hoton alamu ɗari masu wakiltar mata ɗari, yadda mai ciwon za ta ga da idonta nawa tiyata kaɗai ta wadatar, nawa kuma magani ya ƙara. Sashen kula da cututtukan mama na Kambirij ya ɗora wata ƙa'ida a kan waɗannan lambobi: idan amfanin kemo bai kai kashi 3 daga cikin ɗari ba, ba a ba da shawarar yin sa, idan ya wuce kashi 5 a ba da shawara, idan kuma yana tsakani sai a zauna da majiyyaciya a tattauna. A 2018 hukumar da ke tsara ƙa'idojin magani ga asibitocin gwamnatin Ingila, watau NICE, ta shawarci likitoci su riƙa amfani da manhajar.

Yana da kyau a lura cewa wannan ba duba ba ne. Manhajar ba ta san abin da zai sami wance ba, iyakarta ta faɗi abin da ya sami mata ɗari masu irin siffofin ciwon wance. Ƙarfinta kuma yana cikin tsayawarta ga ɗan abin da aka gina ta dominsa, da kasancewar lissafinta a buɗe yake, an buga shi a mujallun ilmi, kowane masani yana iya gwada shi ya kuma fito da kurakuransa.

AWON ƘWAYOYIN GADO

Akwai wani rukuni na biyu na masu taimaka wa yanke shawara, wanda ya haɗa aikin ɗakin awo da lissafin kwamfuta. Ana ɗaukar tsokar da aka yanke, a auna yadda wasu ƙwayoyin gado ke aiki a cikinta, sa'an nan na'ura ta mayar da sakamakon ya zama maki. Awon Oncotype DX, wanda ya fito a 2004, yana duba ƙwayoyin gado 21 ya ba da maki daga sifiri zuwa 100. Wani babban gwaji mai suna TAILORx, wanda mata fiye da 10,000 suka shiga, aka kuma bayyana sakamakonsa a 2018, ya nuna cewa a cikin matan da sankararsu ke bin estirojin, ba ta da HER2, ba ta kuma kama kaluluwa ba, kimanin kashi 70 daga cikin ɗari suna iya barin kemo su tsaya ga ƙwayoyin sha ba tare da sun cutu ba. Haka nan awon MammaPrint na ƙasar Holan, mai duba ƙwayoyin gado 70, an jarraba shi a kan mata 6,693 a ƙasashen Turai, sakamakon da aka buga a 2016 kuma ya nuna cewa kimanin kashi 46 daga cikin ɗari na waɗanda lissafin da aka saba yi ya sanya cikin babban haɗari suna iya tsira daga kemo.

Sai dai kuma kuɗin irin wannan awo yakan kai dubban daloli, kuma sau da yawa sai an aika da tsokar ƙasar waje. Daɗin daɗawa, amfaninsa duka yana ga matan da aka gano cutarsu da wuri. Ga ƙasar da akasarin majiyyatanta ke biyan kuɗin magani daga aljihunsu, wannan hanya ta 'yan ƙalilan ce.

DARASIN WATSON

Burin IBM ya zarce duk waɗannan. Bayan na'urar Watson ta kayar da gwanayen wata gasar kacici-kacici ta talabijin a 2011, sai kamfanin ya ƙulla yarjejeniya a 2012 da asibitin Memorial Sloan Kettering na birnin Niyu Yok don a koya mata aikin likitan ciwon daji. Alkawarin shi ne za ta karanta fayil ɗin majiyyaci da dubban takardun bincike, ta jera magunguna daga wanda ta fi so zuwa wanda ta hana. An sayar da ita ga asibitoci a Indiya da Sin da Koriya ta Kudu da Tailan da wasu ƙasashe.

Shaidar da aka fi kafawa ita ce ta asibitin Manipal na birnin Bangalo a Indiya, inda aka kwatanta shawarar na'urar da ta kwamitin likitoci a kan masu sankarar mama 638, aka kuma buga a 2018 cewa sun dace a kashi 93 daga cikin ɗari. Amma wanda ya karanta rahoton da kyau zai ga abubuwa biyu. Na farko, an kai ga wannan adadi ne bayan kwamitin ya sake duba wuraren da aka saɓa, kuma an lissafa dacewa ko da na'urar ta ce ne kawai ana iya duba yiwuwar wannan magani. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, dacewa da likitoci ba ta nuna cewa wata mace ta ƙara kwana ko ta sami sauƙi saboda na'urar ba. Idan ta yarda da likitoci ba ta ƙara musu kome ba, idan kuma ta saɓa musu babu wanda ya gwada wa ya fi gaskiya.

Hangen Dala ba shiga birni ba ne. A 2017 binciken kuɗi na Jami'ar Taksas ya fito fili, ya nuna cewa cibiyar ciwon daji ta MD Anderson ta kashe kimanin dala miliyan 62 a kan wani shiri na daban da aka gina bisa Watson, aka kuma dakatar da shi ba tare da ya shiga aikin yau da kullum ba. A 2018 kuma kafar labaran lafiya ta STAT ta ba da rahoton wasu takardun cikin gida na kamfanin da ke nuna cewa na'urar ta sha ba da shawarwari marasa daidai, wasu ma masu haɗari, da kuma cewa an horar da ita ne a kan misalan majiyyata na ƙage waɗanda likitoci kaɗan suka tsara. Asibitin na Niyu Yok ya ce misalin da aka fi ambata ya faru ne a lokacin gwaji, bai shafi majiyyaci na gaske ba. Duk da haka ya riga ya bayyana cewa abin da ake sayarwa da sunan hikimar na'ura, akasarinsa al'adar aiki ce ta asibiti ɗaya a ƙasa mai arziki, wadda takan ba da shawarar magungunan da babu su ko kuwa ba a iya sayen su a inda majiyyaci yake.

Wannan darasi bai tsufa ba, domin tun daga ƙarshen 2022 manhajojin hira irin su ChatGPT suka shiga wayoyin jama'a, ɗalibai da 'yan'uwan majiyyata kuma suna yi musu tambayoyin magani. Wani bincike da masana na birnin Boston suka buga a 2023, a kan fasalin ChatGPT na wancan lokaci, ya gwada amsoshinta game da sankarar mama da ta huhu da ta mafitsarar maza, ya tarar cewa kimanin kashi ɗaya cikin uku na amsoshin suna ɗauke da aƙalla shawara ɗaya da ta saɓa wa ƙa'idojin likitoci, an kuma cakuɗa ta da shawarwari na daidai yadda wanda ba gwani ba ba zai iya rabewa ba.

MATAN DA AKA ƘIDAYA

Ko ita Predict, wadda ta tsaya inda Watson ta faɗi, tana da iyaka, kuma masu ita ba su ɓoye ba. Hukumar NICE da ta yaba da ita ta yi gargaɗin cewa ƙiyasinta ba shi da ƙarfi sosai ga wasu matan da ba su kai shekara 30 ba, da waɗanda suka kai 70, da masu ƙullutun da ya wuce milimita 50, kuma mai yiwuwa ne wasu jinsunan mutane ba su sami isasshen wakilci a gwajinta ba. Ba a kuma yi ta don macen da cutarta ta riga ta bazu a jiki ba. An taɓa ganin irin wannan matsala da Adjuvant, inda wani bincike da aka buga a 2012 ya nuna cewa ta riƙa yi wa matan Maleshiya ƙiyasin rayuwa fiye da abin da ya tabbata a kansu.

A nan ne maganar ta shafi ƙasar nan kai tsaye. Wani bincike da aka gudanar a ƙasashe biyar na Afirka, watau Namibiya da Nijeriya da Afirka ta Kudu da Yuganda da Zambiya, wanda aka buga a 2020, ya bi diddigin mata fiye da 2,000 ya tarar cewa rabinsu ne kawai suka kai shekara uku bayan gano cutar. A cikin fararen matan Namibiya kashi 90 daga cikin ɗari ne suka kai, a Nijeriya kuwa kashi 36. Manyan dalilan da masu binciken suka nuna su ne zuwa asibiti a makare da rashin samun cikakken magani. Akasarin matan da ke zuwa asibitocin koyarwa na ƙasar nan suna zuwa ne a mataki na uku ko na huɗu, ƙullutu ya girma, wani lokaci har ya fashe, kuma shekarunsu sukan gaza na takwarorinsu na Turai. Watau dai macen da ta fi yawa a layin asibitin Shika ko na Malam Aminu Kano ita ce ainihin wadda manhajar ta fi rauni a kanta.

Akwai kuma batun abin da ake shigarwa. Abin da aka shuka shi ake girba, manhaja ba za ta ba da amsa ta gari ba sai an ba ta awo na gari. Sanin ko sankara tana bin estirojin ko tana da HER2 yana buƙatar awo na musamman a ɗakin binciken tsoka, kuma sai an jefa tsokar cikin ruwan adana ta da wuri bayan an yanke ta, in ba haka ba awon yana iya nuna babu alhali akwai. Binciken da Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chicago da abokan aikinta suka buga a 2009 a kan mata daga Nijeriya da Senegal ya nuna yawaitar nau'in da ba ya bin estirojin, wanda ke ƙara nuna wajibcin a auna kowace mace maimakon a yi mata zato. Macen da aka hana tamoxifen saboda awo ya ɓaci ta rasa magani mai araha da zai taimake ta, wadda kuma aka ba ba tare da awo ba mai yiwuwa ne ta yi shekara biyar tana shan abin da ba ya yi mata kome.

ABIN DA YA KAMATA A FARA DA SHI

Wannan ba ya nufin a juya wa kwamfuta baya. A inda ƙwararrun likitocin ciwon daji suka yi ƙaranci, kuma likitan fiɗa na babban asibitin jiha shi kaɗai ne zai yanke hukunci, manhajar da za ta tuna masa matakan da ƙa'ida ta tanada tana da amfani babba. Tun a 2017 aka fitar da ƙa'idojin maganin ciwon daji da aka daidaita da halin ƙasashen Afirka kudu da Sahara, bisa haɗin gwiwar likitocin nahiyar da ƙungiyar cibiyoyin ciwon daji ta Amurka, kuma suna bambanta abin da ya fi kyau da abin da ake iya samu. Sanya irin waɗannan ƙa'idoji a wayar likita, da haɗa shi ta intanet da taron mako-mako na likitocin fiɗa da na awon tsoka da na gashi a asibitin koyarwa mafi kusa, ya fi sayen wata na'ura mai tsada wadda ba a san abin da ke cikinta ba.

Na biyu shi ne rajista. Kambirij ta iya gina manhajarta ne domin wasu ma'aikata sun yi shekaru suna rubuta siffofin ciwon kowace mace, da maganin da aka ba ta, da abin da ya same ta daga baya. Nijeriya tana da rajistar masu ciwon daji a Ibadan tun 1960, an kuma kafa tsarin rajistoci na ƙasa a 2009, amma bin diddigin majiyyaci bayan ya bar asibiti shi ne aikin da ya fi wuya ya kuma fi daraja. Cibiyar Bincike da Maganin Ciwon Daji ta Ƙasa, wadda aka yi dokar kafa ta a 2017 ta kuma fara aiki a 2023, ita ta fi cancanta ta ɗauki nauyin gwada Predict da makamantanta a kan bayanan matan ƙasar nan, ta bayyana wa likitoci inda suka dace da inda suka kauce. Wajibi ne kuma a yi wannan bisa dokar kare bayanan jama'a ta 2023, domin fayil ɗin majiyyaciya amana ce.

Na uku ya shafi jami'an da ke sa hannu a kan kwangila. Duk wanda ya zo da tallar manhajar ba da shawarar magani ya kamata a tambaye shi a kan matan wace ƙasa aka gina ta, da ko an buga lissafinta inda masana za su duba, da ko akwai shaidar cewa majiyyata sun amfana, da ko magungunan da take ambata suna cikin waɗanda ake samu a nan, da kuma wanda zai ɗauki alhaki idan ta yi kuskure. Wanda ya kasa amsa waɗannan, a sallame shi cikin mutunci.

MAI ƊAKI

Ko an sami duk waɗannan, akwai abin da ba ya shiga lissafi. Kashi 4 daga cikin ɗari na ƙarin damar rayuwa, wata mace mai ƙananan yara za ta ga ya isa ta jure kowace irin wahala, wata dattijuwa kuwa za ta ga bai kai ta yi wata huɗu tana zarya daga ƙauye zuwa birni ba, ana sayar da gona don biyan kuɗi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ƙasar Hausa kuma irin wannan shawara ba kasafai mace take yanke ta ita kaɗai ba, miji da iyaye da 'yan'uwa duk suna da baki a ciki, tsoron yanke mama kuwa yana daga cikin abubuwan da ke mayar da mata wajen masu maganin gargajiya har lokaci ya ƙure. Idan aka fassara hoton nan na mata ɗari zuwa Hausa, likita ko nas ta zauna ta nuna wa mai ciwo da mijinta, suka ga yawan waɗanda kan rayu idan an zo da wuri an kuma gama magani, wannan kaɗai yana iya hana wasu gudu daga asibiti.

A watan Maris na 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da wani shiri na rage mace-macen sankarar mama da kashi 2.5 daga cikin ɗari a kowace shekara, ta kuma sanya wa ƙasashe ma'auni uku: a gano aƙalla kashi 60 daga cikin ɗari na masu cutar tun tana mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala awo cikin kwana 60, sa'an nan aƙalla kashi 80 daga cikin ɗari su gama maganinsu. Da waɗannan ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da na jihohi su auna duk wata shawarar kashe kuɗi a kan na'ura. Kuɗin da zai sayi lasisin manhaja ɗaya ta ƙasar waje yana iya wadata ɗakunan awon tsoka da kayan aiki, ya horar da ma'aikatan rajista, ya kuma ƙarfafa Asusun Tallafa wa Masu Ciwon Daji da gwamnatin tarayya ta fara gwadawa a wasu asibitoci, ciki har da na Zariya da na Gombe. Idan matan ƙasar nan suka fara zuwa da wuri, aka auna su daidai, aka kuma rubuta abin da ya same su, manhajar da ake buƙata tana nan kyauta, kuma masana na jami'o'in ƙasar nan za su sami abin da za su gyara ta da shi.